Ƙeyar da Mai Aski Ya Rantse a Kanta

Mugun laifi ne mutum ya rantse a kan abin da ya hango daga baya.

Shekara ashirin mai aski yana aske kan amininsa kafinta, kowace Asabar. "Tsoho, kada ka yanke min kunne, da shi nake jin ƙaryarka," in ji kafinta, su kwashe da dariya.

Ranar da aka kashe wani mai kanti a unguwarsu, mai aski ya hango wani yana gudu daga kantin. A kotu ya ce, "Ranka ya daɗe, fuska dai ban gani ba, amma ƙeyar nan da tabonta, ko a mafarki na san ta, ta kafinta ce." Aka rataye kafinta.

Bayan shekara goma, wani baƙo ya zauna a kujerarsa, ya cire hula. Ga ƙeyar, ga tabon, a daidai wurin.

"Baba, yi sauri mana."

Askar ta faɗi ƙasa. Ran nan ya rufe shago. Ya rasa amini, ya rasa sana'a, ya rasa barci. Abin da ya rage masa kujerar nan ce da kafinta ya ƙera masa, ita ma ya kasa zama a kanta.