Saniyar da Na Sayar wa Indiyawa

Ranar bikinsu, Indiyawan da ke aikin hanya tsakanin Boɗinga da Shagari suka sayi tsohuwar saniyata. Suka tsayar da ita ƙofar ɗakin bautarsu, suka rataya mata furanni.

Na wasa wuƙata na bi su. Shekara arba'in ni ke yanka a garinmu, kuma na riga na shaida wa jama'a yau akwai nama.

Na ce, "Ku kayar da ita ta dubi gabas. Ba mu cin mushe."

Babbansu ya dafe kai. "Baba, ba a yanka ta! Uwa ce gare mu."

Ya miƙo mini ayaba in ba ta.

Rabin gari na bayana riƙe da kwanoni, suna kallon saniya tana lasar hannuna.