Ƙafar Barau Ba Ta Kumbura Ba

Shekara tara ke nan da aka yi wa kowa a Malumfashi allurar rufe ƙofa. An ce akwai wata 'yar ƙofa a cikin jini da kumburi ke bi. Aka toshe ta, ciwon gaɓɓai ya ƙare, zazzaɓi ya zama labari. Baba Jatau maɗori bai taɓa sa wa allurar albarka ba. Shi da kumburi da ɗumi yake gane inda ciwo ya kwanta.

Da hantsi Ladidi ta rako mijinta Barau magini. Kwana goma sha biyu da faɗowarsa daga gini, ƙusa ta soke shi a ƙwauri, yana ta zuwa aiki da ɗan ɗingishi.

"Baba, ɗaure masa kawai," in ji ta. "Targaɗe ne. Dubi ƙafar, sumul kamar ta ango."

"Da ta kumbura, da tun ranar kin kawo shi."

"To ai ba ta kumbura ba."

Barau ya yi dariya. "Baba dai kewar zamanin wahala yake yi."

Jatau ya shafa ƙwaurin daga gwiwa zuwa idon sawu. Sanyi ƙalau, hannunsa bai gaya masa komai ba. Sai ya yi abin da ubansa bai taɓa koya masa ba: ya sunkuya ya kai hanci bakin ramin ƙusar.

Ya daɗe bai ɗago ba. Warin ruɓaɓɓen nama ne ke fitowa daga ciki. Sannan ya mayar da karan ɗorinsa cikin jaka.

"Ku wuce asibiti yanzu. Ladidi, ki roƙe su su tsaya a ƙasan gwiwa in za su yanke."