Kwamfutar da Ta Yi Shiru

Ranar da Hadiyya ta sabunta manhajar kwamfutarta da sabis ɗin Nijar, wanda iska kan kawo Sabon Birni in ta ga dama, ranar ce kwamfutar ta daina fitar da sauti. Tana kunnuwa lafiya lau, amma ko tari ba ta yi.

Kawunta Malami, wanda ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinta, ya yanke hukunci a tsaye. "Tunda ta yi shiru, ba ta da sauran amfani gare ki. Ran Juma'a za ni garin Isa, in kai wa ɗana Faruk ya yi karatun jarrabawa."

"Kawu, ba ni ba da ita," in ji Hadiyya.

Da wannan kwamfutar take karatun jami'a daga gida, tunda hanya ta ƙi daɗi. In ta tafi, karatun ya tafi.

Ta san inda ciwon yake. Yana cikin kanel, wato zuciyar manhajar, mai gaya wa kowane ƙarfe na cikin kwamfuta aikinsa. Rubutun da aka gina shi da shi kuwa ya fi ƙarfin a kira shi littafi, kuma ba ta taɓa shiga cikinsa ba.

Gidansu gidan malamai ne, inda ake karatu mutum biyu, wani na jan baƙi wani na fassara. Sai ta ɗauko Sa'adiyya, matar wanta, ta zaunar da ita gaban kwamfutar.

Sa'adiyya ta gyara murya irin ta masu karatun zaure. "Sitatik... konsti... ga wani baka ya buɗe... Ke Hadiyya, wannan yaren aljannun wane gari ne?"

"Ja min baƙi, matar yaya, ki bar min fassara."

Da fari ba ta gane komai ba. Kowane aiki na cikin rubutun sai ya tura ta ga wani aiki, shi ma ya tura ta gaba, kamar mai neman gida a garin Tsamaye ana ta yi masa kwatance. Ta daina bin komai, ta kama zare ɗaya, na sauti. Abin da Sa'adiyya ta karanta da safe, Hadiyya kan maimaita shi da ka tana tankaɗe.

Laraba ta yi, Malami ya aiko a nemo kwalin da za a sa kwamfutar. Hadiyya ta zauna a kan kwalin ta ci gaba.

Ran Alhamis suka iso wani dogon jeri na lambobin na'urorin sauti da kanel ya sani. Sa'adiyya ta karanto har makoshinta ya bushe. Lambar tasu ba ta ciki. Hadiyya ta jawo kwamfutar ta ƙara layi ɗaya da kanta, ta sa a sake gina kanel ɗin, suka bar shi yana shan wutar sola har la'asar.

Malami na shigowa da igiyar ɗaure kwali, wata murya ta tashi daga kwamfutar, tana karanto duk abin da ke kan sikirin da sauri kamar mai gwanjo.

Ya ajiye igiyar a kan kwalin. Sa'adiyya ta rangaɗa guɗa.

Hadiyya ta ce, "Matar yaya, na sallame ki." Sannan ta kashe hasken sikirin gaba ɗaya don kada ya cinye mata batir, ta ci gaba da aiki, don tun tana ƙarama da ƙyanda ta tafi da idanunta ba ta taɓa ganin harafi ko ɗaya ba.