Sojojina a Ƙirjinka

Mai injin niƙa ya jira tarin ya lafa, sannan ya zare zoben da budurwarsa ta ba shi, ya ajiye gefen gadon asibiti. Bai kalle ta ba.

"Ki nemi mai lafiya. Funfunar hatsin da na shaƙa ta ci huhuna, magunguna sun gaza."

Ta dubi zoben, ta dubi ledar da ke ɗiga cikin jijiyarsa.

"Ka tambayi likita daga jikin wa aka samo wannan?"

Ya juyo ya dube ta. Ta naɗe hannun riga, ga shatin allura, jini ya kwanta.

"Awa huɗu na'ura tana tace jinina jiya, tana tsince ƙwayoyin da ke yaƙar cuta. Su ake ɗura maka. Ni da ko allurar rigakafi sai an riƙe ni! Sojojina suna faɗa a ƙirjinka, kai kana kwance kana sallamata?"

Ya buɗe baki, tari ya riga shi.

Ta tura masa zoben da yatsa ɗaya.

"Mayar da shi. In rabuwa kake so, fara dawo min da jinina."