Malmala Ɗaya ta Malam Sada

"Malmala ɗaya likita ya ce, Baba," in ji Khairunnisa, tana riƙe da marar kwasar tuwo.

"Na ji. Ɗayar za ki yi. Ki dai ninka faɗinta biyu."

Malam Sada ya ɓoye murmushi. Ya tsufa yana koyar da lissafi a Daura. Yanzu ciwon suga ya sa masa takunkumi a kan tuwo, matarsa mai gadin tukunya kuma ta tafi suna Baure. Ya san duk abin da yake mulmule kamar ƙwallo, in aka ninka faɗinsa biyu, cikinsa takwas yake ninkuwa. Ya kuma san 'yarsa ba ta sani ba, don wannan tambayar ce ta kayar da ita a jarrabawar bara. Karon farko ke nan da daƙiƙancin ɗalibi zai yi masa rana.

Ta dire masa malmala kamar kan jariri. Ya yi bisimilla, ya kai hannu. Yatsunsa suka tsaya cak. Ya ɓare tuwon, sai ga dafaffen kabeji guda cur, an yaɓe shi da tuwo kamar bangon ɗaki.

"Mene ne wannan?"

"Ninki takwas ne, Baba. Kashi ɗaya naka, bakwai na likita."

Ya dubi kabejin, ya dube ta. Ciki na ƙugi, baki ya ƙi rufuwa.

"Ja'ira! Shekara guda ina fama da ke a allo, sai a kan tuwona za ki gane?"