Magadan Kamfanin Casar Shinkafa

Tunda ka dage cewa kamfani daban, masu shi daban, zauna ka ji abin da ya sami wani manomin shinkafa. Da kaka ya ɗauki shansherarsa ya kai kamfanin casa na waɗansu abokai biyu. Ba tasa kaɗai ba, har da ta maƙwabtansa da suka danƙa masa amana, don shi ya san hanyar birni. Aka auna, aka ce ya dawo bayan sallah ya karɓi kuɗi. Da ya dawo sai ya tarar da ƙofa garƙame da kwado, allon suna ma an cire, maigadi ya ce masa kamfani ya rushe. A ƙauye kuwa an soma yi masa kallon maci amana, har an fara taya fadamar da ya gada wurin mahaifinsa, domin in kuɗin nan bai fito ba, ita zai sayar ya wanke kansa. Bawan Allah ya bi abokan nan har gida. A wurin na farko ya iske ana kafa injin casar kamfanin a bayan gida, ko ƙaiƙayin jikinsa ba a kakkaɓe ba. Na biyu kuma ga motar kamfanin a ƙofarsa, an shafe ta da sabon fenti, tsohon sunan yana leƙowa ta ƙasa. Amma bakinsu ɗaya, wai ba su suka ci bashinsa ba, kamfani ne, kuma kamfani ya mutu, sai haƙuri. Kai, jama'a, ka ji rashin kunya! Da riba ke shigowa, kamfanin ne ya ɗora bene? Kamfanin ne yake cin kaji?

Manomi ya fito zuciyarsa na tafasa, bai zame ko'ina ba sai gaban alƙali. Alƙali ya saurari kowa, sannan ya ce ya ji, kamfani ya mutu. "To amma a ina kuka taɓa ganin an raba gado ba a biya bashin mamaci ba? Wa ya ɗauki inji? Wa ya ɗauki mota?" Sai abokan nan masu manyan riguna suka sunkuyar da kai. Alƙali ya ce a dawo da kayan a sayar, abin da bai cika ba su cika daga aljihunsu, tunda su suka yi wawason dukiyar alhali haƙƙin mutane na rataye a kanta. Manomi ya koma ƙauye, ya tara maƙwabta a zaurensa ya ba kowa nasa, damina ta faɗi ta same shi cikin fadamar ubansa da fartanya. Abokan nan kuwa, wanda ya kafa inji ya tsaya yana kallo ana kwance shi.

Don haka Hausawa suka ce, kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.