Soson da Aka Zaɓa wa Maiwada

Maiwada ya taɓa ganin abin da Alhaji Aƙilu ke yi wa wanda ya ƙwarzane masa mota. Mudi, direban da Maiwada ya gada, tsumma mai yashi ya goga wa wata Fijo bisa kuskure. Alhaji ko ɗaga murya bai yi ba. Ya sa ƙarti biyu suka danne hannun Mudi a kan bonet, ya ɗauki sifana ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya. Har yau da hagu Mudi ke cin tuwo.

Mudin ne ya faɗo wa Maiwada a rai ranar wata Laraba a 1985, da Alhaji ya miƙo masa makullin wata Fijo 504 shuɗiya da gwangwanin man goge mota, irin mai kauri kamar kakin zuma.

"Mai saye zai zo daga Zariya bayan La'asar," in ji Alhaji. "Ina so ya ga fuskarsa a jikinta. Na ga layi ɗaya, ka san sauran."

Maiwada ba mutumin goge-goge ba ne. Aikin da ya iya yi wa Alhaji na kan hanya ne. Bai ma san da me ake shafa man ba, kuma tambayar Alhaji neman magana ne. Sai ya ja motar zuwa bakin tashar Funtuwa, inda masu kayan mota ke jere da teburansu.

Ya tsaya gaban teburin wata mata mai suna Dorkas. Ana zafin bazara amma ta naɗe wuyanta da gyale har haɓa. A gabanta akwai soson roba mai taushi, da ƙullin auduga, da yankin yadi mai laushi, can gefe kuma soson wanka na gargajiya, mai kaushi. Maiwada ya yi ta ɗauka yana ajiyewa. Ko fuskarta bai kalla ba, shi ta yatsunsa yake yi.

Ita kuwa ta kalle shi, ta daɗe. Sannan ta taso ta zagaya motar, ta ja farce a gefen ƙofa.

"Sabon fenti ne, Malam?" Muryarta a dishe take, da ƙyar take fita.

"Sabo ne. Baiwar Allah, ki zaɓa mini wanda ba zai yi layi ba."

"To kar ka kusance ta da auduga, gashi za ta bar maka. Na robar kuma shanye man yake yi." Ta miƙa masa mai kaushin. "Ka ɗan jiƙa shi da fetur tukuna, ka fara daga ƙofar direba, ka danna sosai. Kuma ka mayar da ita inuwar darbejiyar can, rana busar da man take yi."

Duk wanda ya taɓa wanke mota dariya zai yi. Maiwada godiya ya yi, har da addu'a.

Ƙarƙashin darbejiyar nan direbobin Malumfashi ke zaman jiran layi. Ya durƙusa kusa da su, ya jiƙa soson, ya danna. A gugar farko shuɗin ya yi duhu. A ta uku ya fara naɗewa kamar ɓawon albasa, fari ya leƙo. Wanda ya yi fentin gaggawa ta ci shi, bai wanke tsohon man da ke jikin motar ba, fentin zama kawai ya yi a sama bai kama ba.

Tsoro ya rufe wa Maiwada ido. Maimakon ya tsaya, sai ya ƙara ƙarfi wai ya daidaita wajen. Fentin ya zube da faɗin tafin hannu biyu, jan rubutu ya fito: LUKA NA DAYI.

Hirar direbobin ta tsaya cak. Babu wanda bai san Luka, direba ɗan garin Dayi, ba a tashar. Wata biyar da suka wuce aka tare shi a hanyar Malumfashi, aka tsinci gawarsa a gonar auduga an yi masa yankan rago. Motar kuwa ba a sake ganinta ba.

Ummaru, sarkin tasha, shi ya fara sauke masa ƙarfen jak a kafaɗa. Maiwada ya faɗi, ya miƙe da gudu, aka sa masa ƙafa.

"Aiko ni aka yi! Wallahi ni direba ne kawai! Motar Alhaji ce!"

Wa ke saurarensa? Sifana, itacen girki, duwatsu, kowa da abin da hannunsa ya kai. Ya kare kansa da hannuwa har suka daina ɗaguwa. Abin ba kyan gani, mutum na kiran uwarsa jini na cika masa baki. Kafin 'yan sanda su iso ƙuda ya fara sauka.

Da zuciya ta sauka, Ummaru ya fara kokwanto. Ya je teburin Dorkas, ƙarfen na hannunsa har yanzu.

"Matar Luka, na san kin gane motar mijinki. Amma ina tsoron ɗan aike muka kashe."

Dorkas ta ci gaba da jera kayanta.

"Motar zato kawai na yi, Sarki. Shi na gane. Ina cikin motar ran nan, kuma shi ya danne ni da gwiwa ya ja mini a wuya wuƙar da ya gama yanka Luka da ita."